Akwatin Da Ba Ya Ƙarya: Tarihin Ɓatan Haruffa Masu Ƙugiya

Duk wanda ya saba karanta Hausa a waya, ko ya taɓa kai rubutunsa maɗaba'a, ya san ɗan akwatin nan mai kusurwa huɗu da ke tsirowa a tsakiyar kalma. Marubuci ya rubuta ƙasa, mai karatu ya ga akwati sannan "asa". Sunan littafi ya fito da kyau a bango, sai harafi guda ya zama fanko. Yawancinmu haushin akwatin muke ji, har wasu suka daina sa ƙugiya gaba ɗaya don su huta. Amma in aka bi tarihin yadda injinan ɗab'i suka riƙa yi da harafin da ba su da shi, za a ga akwatin ne mafi ƙarancin ɓarna cikin dabarun da aka gwada. Shi dai yana gaya maka cewa wani abu ya ɓace a nan. Dabarun da suka fi yi wa rubutun Hausa illa su ne waɗanda suka rufe giɓin, har aka yi shekaru ba a san an yi asara ba.

Zamanin dalma

Matsalar ta girmi kwamfuta da kusan shekara 500. Tun da Gutenberg ya fara ɗab'i a birnin Mainz na Jamus wajen 1450, kowane harafi ɗan guntun ƙarfe ne da aka zuba da dalma, mai jera haruffa kuma yana tsintar su ɗaya bayan ɗaya daga wani faffaɗan akwatin katako mai gurabu. Idan harafi ya ƙare masa, ko babu shi sam a maɗaba'ar, ba ya barin wurin haka nan. Sai ya ɗauki wani harafin mai faɗi daidai da wanda ya rasa, ya kifa shi, gindinsa ya dubi sama. In an buga shafin gwaji, gindin ya bar baƙin tabo, mai duba kurakurai ya gani ya san ana bin wurin bashin harafi. A Japan, inda haruffan rubutu suka kai dubbai kuma ba maɗaba'ar da ta mallake su duka, tabon kan fito kamar layi biyu masu kauri, irin sawun takalmin katakonsu da ake kira geta, sai suka sa wa alamar wannan suna. Har yau tana cikin alamomin kwamfuta, aikinta kuma bai canza ba. Wannan tabo shi ne kakan akwatinmu.

Da injin Linotype ya fito a Amurka a 1886, jera haruffa ya yi sauri, amma madannai 90 kawai gare shi. Duk harafin da ba ya cikinsu sai an sassaƙa masa mazubi na musamman, mai aiki kuma ya riƙa tsayawa yana saka shi da hannu. Ke nan kowane sabon harafi kuɗi ne: a yi odarsa daga Turai ko Amurka, babba da ƙarami, mai kauri da mai karkata, a kowane girma.

A cikin wannan hali Hausa ta shiga ɗab'in boko. J. F. Schön, Bajamushe mai aikin mishan wanda ya buga nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, bai ware wa ɓ da ɗ da ƙ haruffa na daban ba, alhali malaman ajami sun daɗe suna rubuta ƙ da ق, ɗ kuma da ط. Da Turawa suka gane cewa waɗannan sautuka ne masu zaman kansu, sai suka nemi abin da ke akwai a akwatin maɗaba'a. Wasu suka sa ɗigo a ƙarƙashin b da d da k, wasu suka jingina musu waƙafin sama. Babban ƙamus ɗin Bargery na 1934 da waƙafin sama ya fito. Dalilin a fili yake, waƙafi ba ya bukatar a zuba sabon ƙarfe.

Tunanin ƙugiya ya samo asali ne daga cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka da aka kafa a Landan a 1926, wadda Diedrich Westermann ke cikin jagororinta. Ra'ayinta shi ne kowane sauti ya samu harafinsa guda, domin ɗigo da waƙafi marubuci kan manta da su, a maɗaba'a kuma sukan karye su faɗi. A ƙarshen shekarun 1930 hukumar talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta rungumi ɓ da ɗ da ƙ. A can ne aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Abubakar Imam yana edita, kuma littattafan Zariya ne suka saba wa idon Bahaushe da ƙugiya. Sauti na huɗu, na farkon kalmar ƴaƴa, an bar shi da waƙafinsa a Nijeriya. Harafin ƴ ya samu gindin zama ne bayan taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 don daidaita rubutun Hausa, Fulfulde, Zabarmanci, Barbarci, Buzanci da Mandinganci. Nijar ta riƙe shi, dokar daidaita rubutun Hausa ta 1999 kuma ta tabbatar da shi. Shi ya sa har gobe Yamai ke rubuta ƴan, Kano na rubuta 'yan.

Tafireta ta koya mana sakaci

Maɗaba'a na iya sayen sabon ƙarfe, amma akawun ofis da malamin makaranta tafireta ce a gabansu, ta Ingilishi a Nijeriya, ta Faransanci a Nijar. Ba ɗayansu da ke da ƙugiya. Mai himma ya buga k, in ya zare takardar ya bi ta da alƙalami yana lanƙwasa kawunan haruffa. Wanda ya gaji ya bar su haka. A nan ne aka saba da cewa ai Bahaushe zai gane.

Gaskiya ne, sau da yawa yana ganewa. Amma kishi daban, ƙishi daban. Haka kura da ƙura, baki da baƙi, koko da ƙoƙo, karya da ƙarya. Babba yakan ci gyaran da kansa saboda ya san maganar. Yaron da ke koyon karatu, da baƙon da ke koyon harshen, da mai neman sunan ƙauye ko na tsiro a rubuce, ba su da wannan gata. Kuma rubutun da aka cire wa ƙugiya ba ya nuna alamar rauni ko kaɗan. Shafin fes yake. Wannan ita ce dabara ta farko ta rufe giɓi.

An yi ƙoƙarin gyara. A shekarun 1980 cibiyar harsuna ta Nijeriya ta tsara jerin haruffa guda da zai wadaci harsunan ƙasar, masaniyar harshe Kay Williamson na cikin masu aikin, shahararren mai zanen haruffa na Jamus Hermann Zapf kuma ya sa hannu a zanen. Sai dai kafin abin ya yaɗu, zamanin tafireta ya fara shuɗewa.

Harafi cikin rigar aro

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. In ka danna k, lamba take ajiyewa. In za ta nuna maka, sai ta je wani fayil da ke ɗauke da zanen kowane harafi, ta ɗauko zanen da ke daidai da lambar. Wannan fayil shi ne masu Ingilishi ke kira font, masu Faransanci kuma police. Mu kira shi zubin haruffa. Saboda haka harafi na iya ɓacewa ta hanya biyu: ko ba a ba shi lamba ba, ko yana da lamba amma zubin da ake aiki da shi ba shi da zanensa.

Da farko ciwon na rashin lamba ne. Tsarin ASCII na Amurka, wanda ya fito a 1963, gurabu 128 gare shi, na Ingilishi zalla. Tsarin Latin-1 na 1987 ya kai gurabu 256, ya shigo da é da è da ç, don haka ofisoshin Yamai da Damagaram suka samu rubuta Faransanci ba matsala, Hausa kuwa ba ta samu ko gurbi ɗaya ba. Hukumar ISO ta fitar da wani tsari mai lamba 6438 a 1983, wanda ya ƙunshi haruffan Afirka har da namu, amma don ɗakunan karatu aka yi shi, masu ƙera kwamfuta ba su ɗauke shi ba.

Sai masu kishin harshe suka nemo mafita da kansu. Tun da ba za a iya ƙara lamba ba, ana iya canza zane. A buɗe zubin haruffa, a goge zanen wata alama da Hausa ba ta cika bukata ba, a zana ƙ a wurin. A Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da zubi biyu, Rabi'at da Abdalla, a shekarun 1990, suka bazu a jami'o'i da maɗaba'u. A Nijar ma masu shirya littattafan makaranta a harsunan ƙasa, irin su INDRAP a Yamai, da gyararrun zubi suka yi aiki, haka ma Mali don Bambaranci. Hanyoyi biyu suka fi yaɗuwa a Hausa. Ɗaya ta ari gurabun baka-biyu da makamantansu, ɗayar ta ari q da x da v, tun da ba sa cikin abacadan Hausa.

Ba za a raina wannan aiki ba. Da shi aka buga littattafai da mujallu da kundayen digiri masu ɗimbin yawa, da ƙugiyarsu cif, a lokacin da ba wata hanya. Amma harafin rigar aro ya sa. A ido ƙ ne, a cikin kwamfuta kuwa yana nan a alamarsa ta asali. Ranar da fayil ɗin ya je kwamfutar da ba ta da wannan zubi, rigar ta faɗi: ƙasa ta koma }asa ko qasa, ɗaya ta koma ]aya ko xaya, ɓera ya koma ~era ko vera. Wanda ya ari v kuma, in ya zo rubuta sunan Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, sai ya ga Ɓischer. Akwati ba zai taɓa fitowa ya yi gargaɗi ba, domin kowane zubi yana da q, yana da baka. A wajen kwamfuta komai lafiya lau.

Illar ta fito ne da intanet ta zo. Ka nemi kalmar ƙungiya a cikin kundin da aka buga da irin wannan zubi, injin bincike ya ce babu, alhali ta fito sau ɗari a matsayin }ungiya. Jera kalmomi bisa abacada ya rikice. Masu aikin DiLAF, da suka ɗora ƙamusoshin Hausa, Zabarmanci, Barbarci da Buzanci na Nijar a intanet, sai da suka fara mayar da haruffan aro zuwa lambobinsu na gaskiya kafin komai ya yiwu. Wannan ita ce dabara ta biyu ta rufe giɓi, kuma har yanzu ana biyan bashinta.

An samu lamba, saura zane

A Oktoban 1991 aka fitar da kundin farko na Unicode, tsarin da ya ɗauki alkawarin bai wa kowane harafi na kowane harshe lambarsa shi kaɗai. Haruffanmu takwas suna ciki tun daga farko. Lambar ƙ ita ce U+0199, ta Ƙ U+0198, ta ƴ U+01B4. Tun daga ranar, ciwon rashin lamba ya warke. Duk akwatin da muke gani yau na rashin zane ne.

Akwai wani abu a rabon lambobin da ya jawo mana wahala ta musamman. Ɓ da Ɗ da Ƙ da ƙ da Ƴ da ƴ an sa su a unguwa guda, ta ƙarin haruffan boko. Amma ƙananan ɓ da ɗ, masu lamba U+0253 da U+0257, an kai su unguwar alamomin ilimin furuci, saboda masana sauti na duniya ma suna amfani da su. Mai zanen haruffa da ya ga sunan unguwar yakan ɗauka ta masana ce kawai, ya tsallake ta. Shi ya sa ake samun zubin da ƙ ke fitowa lafiya amma ɗ ya zama akwati. Ga kuma lissafin kasuwa: jerin haruffa sama da 650 da Microsoft ya tsara a shekarun 1990 don harsunan Turai, wanda masu zane da yawa suka mayar ma'auninsu, ya ƙunshi Girkanci da Rashanci da Turkanci, babu ƙugiya ko ɗaya a ciki.

To me inji ke yi in ya zo kan lambar da ba ta da zane? Hanya ta farko ita ce akwati. A ƙa'idar TrueType da OpenType, zane na farko a kowane zubi, mai lamba sifiri, an keɓe shi don wannan rana. Kifaffen harafin mai jera dalma ne ya dawo. Kamfanin Apple ya ƙara masa gishiri da wani zubi mai suna Last Resort, wanda ke nuna alamar irin rubutun da harafin ya fito daga ciki, don a san inda za a nemi magani.

Hanya ta biyu ita ce aro daga maƙwabci. Wayoyi da manhajojin shiga intanet sukan leƙa wani zubin da ke da harafin su ɗauko. Karatu ya yiwu, amma kowa ya ga kanun labarin da ƙ ɗinsa ya fi sauran haruffa siranta ko tsawo, kamar baƙo a taron dangi. A allon waya ana iya haƙuri da shi. A bangon littafi aibi ne, kuma zubin da aka aro daga gare shi a kwamfutar marubuci ba lalle ne yana kwamfutar maɗaba'a ba.

Hanya ta uku ta fi su haɗari, wato a jefar da harafin a yi shiru. Haka manhajar TeX ke yi, wadda Donald Knuth ya fara a 1978, wadda kuma masana lissafi da harshe ke tsara littattafai da ita har yau. In zubi ba shi da harafi, TeX ba ta tsayawa, ba ta sa akwati. Takan rubuta layi guda a fayil ɗin rahoto da mutane kaɗan ke buɗewa, ta ci gaba da aikinta. A Hausa sakamakon na iya zama kalma mai ma'ana: ƙaya ta koma aya, ɓaure ya koma aure. Mai duba kurakurai zai iya wucewa bai lura ba. Jörg Knappen ya zana wa TeX zubin haruffan Afirka tun farkon shekarun 1990, XeTeX ta Jonathan Kew kuma ta buɗe ƙofar Unicode a 2004, amma sai a 2021 aka ƙara zaɓin da zai sa manhajar ta tsaya cak ta kai ƙara in harafi ya ɓace. Fiye da shekara 40 ke nan kafin a koma ga hikimar mai kifa dalma.

Ya kamata a bambanta akwati da wasu cututtuka biyu da ke kama da shi. In ka ga Æ™ a gurbin ƙ, ko É— a gurbin ɗ, rubutun Unicode ne aka karanta da tsohon tsarin Windows na Turai; lambobin suna nan, ana iya dawo da su. In kuwa ka ga alamar tambaya, ?asa, to an adana fayil ɗin da tsarin da bai san harafin ba, ya goge shi, sai dai mutum ya bi kalma-kalma ya gyara. Akwati shi ne mai sauƙin cikinsu. Rubutunka lafiya yake a ƙarƙashinsa, zubi kawai za ka canza.

Magani ya zo a hankali. Lucida Sans Unicode na 1993 yana cikin na farko da suka ɗauki haruffanmu. Ƙungiyar SIL ta fitar da Gentium da Doulos da Charis da Andika kyauta, ta kuma tsara lasisin da ya ba kowa damar rarraba zubi da gyara shi a 2005. Da Windows Vista, wanda ya shiga kasuwa a 2007, Times New Roman da Arial suka samu ƙugiya. Google da Monotype suka sanar da babban aikin Noto a 2016. Sunan ma daga akwatin ya fito: masu sana'ar suna yi masa laƙabi da tofu, wato awarar waken suya da ake yankawa murabba'i, Noto kuma taƙaitawar "ba sauran tofu" ce. Ajami ma ya bi sahu. A 2016 Unicode ta ba fa da ƙaf da nun irin na rubutun Warshu lambobinsu, SIL kuma ta fitar da zubin Alkalami bisa salon hannun Kano.

Duk da haka tsohon sakacin bai tafi ba, kuma wani lokaci da dalilinsa. Saƙon tes na waya yana ɗaukar harafi 160, amma ƙ guda ɗaya ya shiga, wayar ta koma wani tsarin da ke ɗaukar 70 kacal, kuɗin saƙo ya ninka. Waɗanda suka koyi rubutu a wannan zamani su ne ke rubuta qasa da k'asa da d'aya a yau, ko da wayar hannunsu tana da harafin.

Abin da ya rage gare mu

Ƴan'uwa marubuta da masu ɗab'i, tarihin nan ya bar mana aiki iri biyu. Na farko mai sauƙi ne. Kafin a zaɓi zubin da za a tsara littafi da shi, a buga haruffa takwas ɗin nan, Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ, a duba su a rubutu na yau da kullum, da mai kauri, da mai karkata, domin sau da yawa ɗaya na da su ɗaya babu. A fi sa ido kan ƴ, tun da Nijeriya ba ta cika amfani da shi ba, mai zanen da ya yi aiki da samfurin rubutun can zai iya mantawa da shi, mu da Fulani ne za mu ji a jikinmu. In za a fitar da PDF ko littafin waya, a cusa zubin a cikin fayil ɗin, kada a dogara da abin da ke na'urar mai karatu. In akwati ya fito, a canza zubi, kada a cire ƙugiya.

Na biyu ya fi nauyi, kuma lokaci na ƙure masa. Rubuce-rubucen Hausa da aka buga a kwamfuta daga shekarun 1990 zuwa farkon wannan ƙarni, waƙoƙi da labarai da kundayen bincike da littattafan yaƙi da jahilci, da yawansu suna kwance a tsofaffin faya-fayai cikin rigar aro. Mayar da su Unicode ba wuya gare shi ba in an san wace alama ce ke wakiltar wane harafi: a umarci kwamfuta ta musanya } da ƙ, ] da ɗ, sannan mutum ya bi ya duba inda bakar ta gaskiya ce. Amma kowane ofis da kowace maɗaba'a da irin nata tsarin, kuma sanin yana kan sakatarorin da suka buga rubutun da hannunsu. Yawancinsu suna raye, wasu sun yi ritaya a Maraɗi da Damagaram da Zariya da Sakkwato. Yanzu ne ya kamata a same su, a rubuta jadawalin kowane zubi, a juya fayilolin tun faya-fayan suna buɗuwa.